WA YA FAƊA MAKA? DARASIN DA WATA YARINYA TA KOYA MINI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da ɗan Adam ta hanyar alƙalami. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata kafin in rubuta ta, domin a cikinta akwai abin da bai yi mini daɗin faɗa ba game da kaina. Amma na ga cewa idan na ɓoye shi, to na ɓoye amfanin da ke cikinsa ga malamai 'yan'uwana da kuma iyayen yara.

Ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya ta yamma a nan garin Illela, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar, wanda tsakaninsa da Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintuna ce a kan kabu-kabu. Ɗalibaina yara ne da suke zuwa firamare da safe, mafi yawansu 'yan aji huɗu da biyar da shida, su dawo gida su ci abinci, bayan la'asar kuma su zo wurinmu mu yi hadda da Ahalari da Arba'una Hadisi. Wata rana ana saura kwanaki kaɗan azumi, wani yaro ya ɗaga hannu cike da murna ya ce yana da hadisi. Na ba shi izini. Sai ya karanto wani saƙo da ya haddace daga wayar yayansa, wai duk wanda ya riga kowa sanar da mutane ranar da za a fara azumi, wuta ta haramta gare shi. Na san saƙon, domin duk shekara sai ya zagayo, kuma ba shi da asali a littattafan hadisi. Na ɗaure fuska na ce masa, "Wa ya faɗa maka wannan?" Ya ce, "Malam, cikin waya yake." Na ce, "Ita wayar wa ya faɗa mata?" Ajin ya fashe da dariya, yaron ya sunkuyar da kai. Na yi musu dogon bayani a kan haɗarin jingina wa Manzon Allah (SAW) abin da bai faɗa ba, na kuma ji a raina cewa na sauke nauyi.

Da aka tashi, wata yarinya 'yar aji biyar, mai yawan shiru, ta tsaya a bakin ƙofa har sauran suka fita. Ta durƙusa ta ce, "Malam, don Allah labarin tsohuwar nan da ka ba mu makon jiya, wadda take zuba wa Annabi shara a hanya, cikin wane littafi yake? Inna ta ce in tambayo, tana so ta karantar da shi a makarantar matan aure." Babu ko alamar ƙure a muryarta. Ni kuwa sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Na ba da labarin nan ya fi a ƙirga, na ji shi tun ina yaro a bakin masu wa'azi, amma ban taɓa buɗe littafi na nemi inda yake ba. Na ce mata ta ba ni zuwa gobe.

A daren nan na kunna tsohuwar kwamfutata da ɗan cajin da ya rage, na shiga Maktabatus Shamila, wadda ta tattara dubban littattafai a wuri guda, na yi ta nema da kalmomi iri-iri. Ban sami labarin a Bukhari ko Muslim ko sauran littattafan Sunan ba. Abin da na samu shi ne maganganun masana hadisi da suke cewa ba a san shi da wani isnadi tabbatacce ba. Abin da ya inganta, wanda Imam Bukhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA), shi ne labarin wani yaro Bayahude da yake yi wa Annabi (SAW) hidima, ya kwanta rashin lafiya, Annabi ya je gaishe shi har gida, yaron kuma ya musulunta. Ashe ina da labari ingantacce a hannuna wanda yake koyar da kyawun hali iri ɗaya, amma na bar shi na riƙe wanda ba ni da hujjarsa. Ni da na yi karatun Larabci tun daga zaure har jami'a, ni da na sa aka yi wa yaro dariya saboda ya ce "cikin waya yake", ashe tawa amsar ba ta wuce "a bakin mutane yake" ba.

Washegari na tsaya a gaban ajin na gaya musu gaskiya. Na nemi afuwar yaron a gabansu. Wallahi ya yi mini nauyi, domin mun taso a kan cewa malami ba ya cewa ya yi kuskure a gaban almajirai. Amma na tuna abin da aka ruwaito game da Imam Malik, wanda muke bin mazhabarsa, cewa an sha yi masa tambayoyi masu yawa ya amsa kaɗan, sauran ya ce bai sani ba, kuma wannan bai rage masa daraja ba ko kaɗan.

Daga nan ne na fara tunani a kan abin da muke koya wa yaranmu da abin da ba mu koya musu. Muna koya musu haddacewa, kuma haddacewa alheri ce babba, da ita aka kiyaye Alƙur'ani. A makarantar boko ma yawanci abin da ake yi ke nan: malami ya rubuta a allo, yara su kwafa, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa. Amma yaron da aka saba masa da karɓar duk abin da babba ya faɗa ba tare da ya san daga ina ya fito ba, idan waya ta shigo hannunsa, zai ɗauke ta a matsayin wani babban ne kawai. Ga shi kuwa wayar ta riga ta shigo. Tun daga ƙarshen shekarar 2022 ma aka sami manhajojin da za ka yi musu tambaya su tsara maka amsa cikin daƙiƙoƙi, da lafazi mai daɗi, ko amsar daidai ce ko ba daidai ba.

Abin mamaki, ya ɗan'uwa mai karatu, maganin wannan cuta yana cikin gadonmu. Babu al'ummar da ta kai Musulmi kula da tambayar "wa ya faɗa maka?" Aya ta shida a Suratul Hujurat umarni ce da tantance labari kafin a yi aiki da shi. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unais (RA) saboda hadisi ɗaya tak. Khaɗib al-Bagdadi, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan tafiye-tafiyen neman hadisi. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisur a 1812, ya shigar da wasiƙun da aka yi musaya da Shehu al-Kanemi na Borno, don mai karatu ya ga hujjar kowane ɓangare da idonsa. Marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya shafe rayuwarsa yana tattara rubuce-rubucen magabata yana tace tarihi. To me ya sa muke jira sai yaro ya kai jami'a kafin a gaya masa cewa akwai wani abu wai shi bincike?

Sai na yanke shawarar gwada wani abu bayan sallah. Na zaɓi tambayar da ba ta addini ba ce, don kada kuskuren yara ya zama zunubi, kuma wadda ta shafi rayuwarsu kai tsaye. Yaran nan sun ga rufe iyaka da idanunsu. An rufe ta a watan Agusta na 2019, aka buɗe a Disamba na 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Sun ga manyan motoci sun yi layi, sun ga kasuwar Lahadi ta ragu, da yawansu kuma kakanninsu ko gwaggonninsu suna Ƙonni. Na rubuta a allo: Wa ya raba Illela da Ƙonni, kuma yaushe?

Na gindaya musu sharuɗɗa uku. Kowa ya je ya tambayi wani dattijo ko dattijuwa a gidansu ko unguwarsu. Ya rubuta abin da ya ji da hannunsa, ko da layi biyar ne, a ƙarƙashi kuma ya rubuta wanda ya gaya masa, da ko mutumin ya gani ne da idonsa ko shi ma ji ya yi, in ji ya yi kuma daga wa. Sai bayan an kawo wannan ne za mu buɗe waya tare a cikin aji. Na ce musu wannan layi na ƙarshe sunansa isnadi, kuma duk takardar da ba ta da shi ba zan karɓa ba.

Abin da suka kawo ya ba ni dariya, ya kuma sa ni hawaye. Wani ya rubuto cewa kakansa ya ce an raba ne ranar da aka sami 'yancin kai a 1960. Wata ta ce kakarta ta ce Nasara ne suka zo suka kafa alamu tun kafin a haifi mahaifinta, ita ma daga gare shi ta ji. Wani ya ce babansa ya ce kwastan ne suka raba. Yarinyar nan mai shiru kuwa ta kawo shafi biyu cif. Kakarta haifaffiyar Ƙonni ce, ta ce mata ita ba ta san wanda ya raba ba, amma ta san shekarar da rabuwar ta yi mata ciwo: lokacin da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyaka a 1984, ga fari, ga babu hanyar shigo da hatsi, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. A ƙasan takardar yarinyar ta rubuta: "Kakata ta gani da idonta."

Sai gardama ta kaure a aji. Mai 1960 ya ce kakansa ba ya ƙarya. Mai Nasara ta ce tata kakar ta girmi nasa. A nan ne na sami damar koyar da abin da ban taɓa iya koyarwa da baki ba: cewa mutum yana iya zama mai gaskiya amma ya yi kuskure, kuma cewa an yi kuskure ba zagi ba ne. Malaman hadisi sun bambanta tsakanin adalcin mai ruwaya da kiyayewarsa. Dattijon nan bai yi ƙarya ba, abin da ya gani shi ne canjin tuta a 1960, sai ya ɗauka ranar aka yi iyakar.

Daga nan muka buɗe waya. Waya ɗaya ce, tawa, yara fiye da arba'in, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci ma na Nijar ne yake shigowa. Na riga na yi nawa binciken a gida don in san inda zan kai su. Muka ga cewa Ingila da Faransa ne suka yi yarjejeniya a 1898, suka zana da'ira mai nisan mil ɗari daga birnin Sakkwato, wadda ta sa Ƙonni a ɓangaren Ingila a kan takarda, alhali a lokacin Turawan Ingila ba su ma ci Sakkwato ba, sai a watan Maris na 1903. Muka ga cewa a 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni ta yi kisa mai yawa. Muka ga cewa Faransawa sun koka da rashin hanya mai ruwa zuwa Damagaram, sai aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906 aka turo layin kudu, sannan tsakanin 1906 da 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamu. Ashe kakar da ta ce Nasara sun kafa alamu kafin a haifi mahaifinta ita ce ta fi kusa da daidai. Amma duk shafukan da muka buɗe a ranar, babu wanda ya gaya mana yadda uwa take ji idan hatsi yana Illela 'ya'yanta suna Ƙonni. Wannan sai a takardar yarinyar. Na ce musu su lura: waya ta ba mu shekaru, kaka ta ba mu abin da ya faru da mutane, kuma da ba mu fara zuwa wurin kaka ba, da ba mu san abin da za mu tambayi waya ba.

Sai dai akwai abin da ya fi duk wannan tsaya mini a rai. Yara kusan goma ba su kawo komai ba. Da farko na ɗauka lalaci ne. Ɗaya daga cikinsu, ɗan aji huɗu, ya zo da wayar mahaifinsa a ɓoye, ya kunna mini muryar kakansa da ya ɗauka, hira mai kyau ta kusan minti goma. Na ce, "Madalla, to ina rubutun?" Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ban iya ba." Shekara huɗu yana zuwa makaranta, yana kwafar abin da ke allo harafi bayan harafi kamar mai zane, amma ba zai iya haɗa jimla ɗaya daga kansa ba. Na san yana karanta Alƙur'ani da kyau, sai na ce ya gwada rubutawa da ajami. Ya zauna a gefe yana gumi, ya kawo mini layi uku. Su ne layuka na farko da ya taɓa rubutawa waɗanda ba kwafa ya yi ba. Na tuna cewa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ajami ta isar da ilimi ga matan karkara ta hannun jajis na 'Yan Taru. Ƙofar da ke buɗe ga yaro, ta nan ake shigar da shi, sannan a buɗe masa sauran. Yanzu muna zama da su goman nan rabin sa'a kafin darasi muna koyon haɗa baƙaƙen boko da Hausa.

Wannan matsala ba ta ajina kaɗai ba ce. Gwaje-gwajen karatu da aka yi a jihohin Sakkwato da Bauchi a 2011 da 2013 sun nuna cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Wannan ne ya sa aka fito da littattafan Mu Karanta! na aji ɗaya zuwa uku a jihohin biyu, da tallafin hukumar USAID, a shirin da ya fara a 2015. A watan Maris na 2022 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, wani dandali na darussan firamare da sakandare ta intanet. Duk waɗannan ƙoƙari ne abin yabawa. Amma ya kamata mu tuna abin da ya faru a 2007, lokacin da aka raba wa ɗaliban wata firamare a Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin nan na duniya na bai wa kowane yaro kwamfuta. An yi ta murna, amma cikin 'yan watanni kafofin labarai suka ruwaito cewa an sami wasu yaran suna buɗe shafukan batsa da su, har sai da aka koma batun sanya matattara. Na'ura ba ta tarbiyya, kuma ba ta koya wa wanda bai iya karatu ba yin bincike. Wuƙa ce: a hannun mahauci sana'a, a hannun jariri rauni.

Saboda haka ba na cikin masu cewa a haramta wa yara waya kwata-kwata, domin ni kaina kwamfuta ce ta nuna mini kuskurena a dare ɗaya, abin da a da sai na yi tafiya zuwa Sakkwato na kwana ina buɗe mujalladai. Ba na kuma cikin masu ganin cewa da zarar an kawo kwamfuta aji an gama gyara ilimi. Abin da na gani da idona shi ne akwai tsari: yaro ya fara iya karatu, sannan ya iya rubuta tunaninsa da hannunsa, sannan ya saba da tambayar tushen magana, sai a buɗe masa na'ura tare da babba a gefensa. Idan aka juya tsarin, za mu sami yara masu saurin turawa, marasa iya tantancewa, kuma irin waɗannan su ne itacen da ake hura wutar fitina da su.

Ina kira ga 'yan'uwana malaman Islamiyya, mu fara da kanmu. Duk ƙissar da za mu bayar, mu san inda take, mu kuma gaya wa yara sunan littafin, ko da ba za su iya buɗe shi yanzu ba. Idan an tambaye mu abin da ba mu bincika ba, mu ce a ba mu zuwa gobe. Iyaye kuma, idan yaro ya zo da tambaya daga makaranta, kada a ce masa "je ka duba waya". A zaunar da shi, a tura shi wurin kakarsa tun tana raye, domin akwai abin da idan ta tafi da shi babu injin da zai dawo da shi.

Takardun nan na yara suna nan na ɗinke su da zare na ajiye a cikin akwatin littattafaina, har da mai layi uku na ajami. Kwanan baya ina cikin darasin Sira na kawo wata magana, sai na ji murya daga bayan aji, ta yaron nan da na sa aka yi wa dariya, yana cewa cikin ladabi, "Malam, a wane littafi?" Na gaya masa, domin a wannan karon na duba kafin in zo.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfanar da mu da abin da Ya sanar da mu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya yafe mana abin da muka faɗa bisa kuskure. Abin da na dace a cikinsa daga Allah ne, abin da na kuskure kuwa daga ni ne da Shaiɗan.